Jan Madannin Wayar Inna

A gidanmu na Tsafe kiran waya ba abin wasa ba ne, kuma Inna, mahaifiyata, ita ta mayar da shi haka. Ina ƙarshen firamare, shekarun da aka ba mu jiha Gusau ta zama babban birni, Yayanmu ya tafi Fatakwal neman na kansa. Duk danginmu babu mai waya a lokacin. Wadda muka sani guda ce, ta wani Alhaji mai sayen hatsi a Gusau, abokin cinikin Baba. Tana zaune a falonsa bisa ɗan tebur, an lulluɓe ta da farin ƙyalle kamar kwanon abincin baƙo.

In Yaya yana son jin muryar gida, sai ya kira Alhaji ya ce rana kaza bayan azahar a kawo masa Inna. Alhaji ya ba direban bas saƙo, direba ya tsaya bakin titi ya faɗa wa Baba a rumfarsa. Ranar tafiya Inna za ta yi wanka, ta ciro atamfa daga ƙasan kwalla, ta sa kwalli da turare, ta ƙulla daddawa da ƙuli-ƙuli na matar Alhaji. Ni ce 'yar rakiya, ni ce mai ɗaukar ƙunshi. Na taɓa ce mata ai Yaya ba ganin ta zai yi ba, kwalliyar ta mece ce. Ta dube ni ta ce, "Baƙo za ni tarba. Ke da tsumma kike tarbon baƙo?"

Abin haushin, Yaya ɗan fari ne, Inna kuma ko sunansa ba ta faɗa saboda kunya. Mu sha zafin mota, mu zauna a falon mutane muna kallon tebur har ƙafa ta yi tsami, in wayar ta yi ƙara Alhaji ya miƙa mata, sai ka ji ta ce, "Kana lahiya? To madalla. Allah shi tsare." Shi ke nan, ta gama. Sauran duk sauraro ne, tana gyaɗa kai, idonta ya cika da ƙwalla tana ɓoyewa da mayafi. Abu guda da ban taɓa ganin ta yi ba shi ne ta riga shi ajiyewa. Ko ya gama magana sai ta ci gaba da riƙe kan wayar a kunne, har sai Alhaji ya ce, "Hajiya, ai ya tahi." A wurinta, katse mai magana daidai yake da rufe wa mutum ƙofa yana tsaye a zaure.

Shekaru suka ja, wayar hannu ta shigo har ƙauyuka. Na yi aure a nan Tsafe, ina koyarwa a firamare, gidana da gidanmu katanga biyu ce tsakani. Yaya ya aiko wa Inna 'yar ƙaramar waya mai tocila. Ta ɗinka mata jaka, tana rataye ta a ƙusa kusa da carbinta. Na nuna mata madanni biyu: kore na amsawa, ja na kashewa. Ta riƙe kore. Jan kuwa ta ce ba ta ga amfaninsa ba, wanda ya kira ai ya san hanyar komawa.

A nan kamfanin layin ya same ta. Kusan kullum sai sun kira, wata muryar mace da aka naɗa a inji, mai zaƙi kamar an jiƙa ta da zuma, tana tallar garaɓasa, ko waƙoƙi, ko gasar da za a ci mota. Ni in na ga irin lambar nan tasu gajeruwa, ko dubawa ta biyu ba na yi. Inna kuwa sai ta goge hannu, ta gyara ɗankwali, ta yi sallama. Muryar ta ce barka da wannan lokaci, Inna ta ce, "Barka kadai, ɗiyata. Ya gida? Ya aiki?" Muryar ta wuce da tallarta, Inna na cewa "To," "Ikon Allah," "Madalla," har a kai ƙarshe. Ta sa mata suna yarinyar kamfani.

Na yi bayani har bakina ya gaji. Na ce Inna, ba mutum ba ce, inji ne, ba ta jin ki. Ta ce ko inji ne ai wani ya aiko shi, kuma ɗan aike ba a wulaƙanta shi. Baba shi dariya abin yake ba shi. In ya dawo daga gonarsa ta wajen 'Yankuzo ya tarar da ita da waya a kunne, sai ya ce, "Ɗiyarki ta? Ki gaishe ta, ki ce yaushe za ta zo ta taya mu noma." Ni kaɗai ce mai jin haushi a gidan. Na san halina, ba ni da haƙuri, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Baba ya rasu a farkon damina, gero ya fara kai gwiwa. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, muna cewa ya ji sauƙi, ashe tafiya ce. Inna ta shiga takaba. Ta ajiye kwalli da turare, ta daina fita ko ƙofar gida, ta koma ɗaki da carbi. Bayan an watse daga zaman makoki, wayar nan ta zama ita ce tagarta. Waɗanda ba su samu zuwa ba suna kira su yi gaisuwa, waɗanda suka zo suna kira su ji yadda ta ƙara ji da haƙuri. Cikin masu kiran akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda ke aure a Karakkai ta ƙasar Bungudu. Gwaggo ita ce babbar dangin Baba, mace mai tsauri, ko rediyo ba a kunnawa a tsakar gidanta in ba karatu ake ba. Ni da ita ba ma daɗewa a inuwa guda, don bakinmu iri ɗaya ne, ko lambarta ban ajiye ba. Amma Baba ƙaninta ne da ta goya, kuma kowace Juma'a sai ta kira Inna sun yi kukansu tare.

Can tsakiyar takabar sai kira ya fara ja baya. Wani lokaci wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta tsaya, kafin Inna ta miƙa hannu an kashe. Gwaggo ta tsallake Juma'a, ta sake tsallake wata. Inna ta ce ƙila aikin gona ne ya riƙe mutane. Na yarda, don ni ban taɓa kiran wayarta ba, in ina son ta ƙafata nake ɗauka in je. Yaya kuma ta wayata yake kira in kai mata, tun da ya san kalma uku zai samu.

Shi ne ya fasa mini maganar. Ya kira ni da hantsi ina makaranta, yana ta kewaye-kewaye, har na ce Yaya in magana ce ka faɗe ta, yara na jira na. Ya ce Gwaggo ta kira shi tana kuka. Ta ce ƙasar kabarin ƙaninta ba ta bushe ba matarsa ta sa kiɗan biki a waya, duk wanda ya kira gaisuwa sai ya sha waƙa. Ta ce in Inna ta ƙosa ne ta faɗa, ba sai ta yi shela ba. Kuma ta rantse ranar fitar takaba ƙafarta ba za ta taka Tsafe ba, ita da duk wanda ke jin maganarta a Karakkai.

Ban tsaya an tashi daga makaranta ba. Na isa gida na tsaya a bakin ƙofar ɗakin Inna, na danna lambarta. Wayarta da ke rataye ta yi ƙararta ta kullum. A kunnena kuwa sai kalangu ya tashi, da fiyano, da wani yaro mai siririyar murya yana kiran amarya ta fito ta taka, wai ango ya gaji da jira. Inna ta ciro wayarta ta danna kore, ina tsaye a gabanta, ta ce, "Salamu alaikum."

"Ni ce, Inna. Ajiye."

Na zauna na tambaye ta ko yarinyar kamfani ta taɓa ce mata ta danna wani abu. Ta ɗan yi tunani ta ce, "E, kwanan baya. Ta yi ta sa mani waƙe-waƙe, ni kuwa hankalina ba shi nan. Tana ta hwaɗin danna ɗaya, danna ɗaya, awa mai roƙo. Nic ce bari in danna mata ta huta, ƙila in ba a danna ba hwaɗa aka yi mata wurin aiki."

Na yi mata bayani a hankali, iyakar hankalin da nake da shi. Ta ce in sa mata ta ji. Na sake kira na kanga mata tawa a kunne. Ban taɓa ganin fuskar uwata ta yi irin abin da ta yi ranar ba. Ta saurara har yaron ya zagayo kan amshi, sannan ta sauke hannuna.

"Duk wanda yak kira ni gaisuwa, wanga yaj ji?"

Na ce e.

"Har Liman?"

Ta juya ta fuskanci bango. Matar da ta zauna da mijinta tun tana yarinya har ta ga jikoki, ba a taɓa jin kanta da kowa ba, yau ana zancenta a tsakar gidajen Karakkai cewa ta ƙosa. Ranar ko kunu ba ta sha ba. Na ji tausayinta, na kuma ji haushin da ban san inda zan sauke shi ba.

Na fara da kiran kamfanin. Inji ya amsa, ya ce in danna kaza in ina son Hausa, in danna kaza in ina son kaza, ya juya ni nan ya juya ni can, daga ƙarshe ya sa mini kiɗa ya ce in jira. Kiɗa kuma! Na kashe kafin in rotsa wayar da ƙasa. Washegari na nemi izini a makaranta, na ɗauki wayar Inna na hau motar Gusau, hanyar nan dai da muke bi da ƙunshin daddawa.

A ofishinsu na bi layi ina haɗa maganganun da zan faɗa, kuma da na isa gaban tebur ban rage ko ɗaya ba. Na ce ku wane irin mutane ne da za ku riƙa kiran tsohuwa kullum ba ta neme ku ba? Wa ya aike ku? Kun san tana takaba? Kun san abin da kuka ja mata? Har mai gadi ya leƙo. Yarinyar da ke teburin, ƙarama ce da ɗan gilashinta, ta bari na sauke duka, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Baba, Anti. Kawo wayar." Wannan gaisuwar ta kashe mini rabin wuta, don ban shirya mata ba. Nan take ta cire waƙar, ta sa na kira na ji ƙarar waya tsura, ta nuna mini yadda ake cirewa ko da an sake. Ta ce akwai kuma saƙon da ake turawa a rufe kiran talla gaba ɗaya, in mai layin ta yarda. Ina tashi ta ƙara da cewa ba Inna kaɗai ba ce, tsofaffi sun fi kowa faɗawa, kuma mai wayar shi ne na ƙarshen sani, tun da ba ya kiran kansa.

Waƙa dai ta fita, amma maganar da ta riga ta shiga kunnuwa tana nan. Na yanke shawarar in wuce Karakkai daga nan in yi wa Gwaggo bayani, ko za mu kwashe ta da ita. A tasha na nemi lambarta wurin Yaya, don in sanar da ita ina tafe. Na danna, na kai kunne.

Ganga ce ta amsa mini. Ba ta biki ba, ta 'yan dambe, da maroƙi yana zuga wani ƙato ya fito fili ya kayar da abokin karawarsa. Na sauke wayar na duba lambar, ita ce. Na sake kira, ganga ta sake tashi. Gwaggo! Gwaggon da ke korar jikoki in sun yi tafi a tsakar gida! Na kashe kafin ta ɗauka, na zauna a kan bencin masu shayi na yi dariya har hawaye, kwandasta na tambaya ko lafiya. Daga baya na gane duk dangi sun daɗe suna shan wannan ganga, ba wanda ya isa ya faɗa mata. Na fasa zuwa Karakkai, na hau motar Tsafe zuciyata fari ƙal. Na riga na tsara komai: zan bari sai an taru a wani sha'ani na dangi, in kira ta a gaban kowa, in buɗe sifika kowa ya ji gangar.

Na shiga ɗakin Inna da murnata na ce Allah ya kama Gwaggo, na ba ta labari. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Na sani."

"Kin san me?"

"Gangag ga. Tun bara nike jin ta, in babanku ya kira mani ita. Na ɗauka ra'ayinta na. Kowa da abin da ka ɗebe mai kewa."

"Kuma ba ki faɗa wa kowa ba?"

"In hwaɗa ma wa? Yayar mijina ta."

Na ce to ita ai ba ta rufa miki ba, har Fatakwal ta kai ki. Inna ta ce Gwaggo zafin rashin ƙaninta ne ke cin ta, kuma in na kuskura na kunyata ta a gaban mutane ba da yawunta ba. In zan je, in je ni kaɗai, in same ta a ɗaki, in rufe ƙofa. Na yi ta ƙunƙuni, don an ƙwace mini nama a baki, amma na yarda. Da na kawo maganar saƙon rufe kiran talla, sai ta ce in bari tukuna. "Ba a korar mutum da saƙo. Ni ta saba ma zuwa, ni za ni sallame ta da bakina." Na ɗauka irin maganarta ce ta kullum, na ƙyale.

Ranar Asabar na tafi. Daga Gusau zuwa Bungudu, daga nan na hau mashin, dawa ta rufe hanya hagu da dama. Na tarar da Gwaggo a ɗakinta tana tsince wake. Ta amsa gaisuwata a daƙile, ba ta ce in sha ruwa ba. Na tura ƙofa na zauna, na ce Inna ta aiko ni da bayani. Na faɗa mata yadda abin ya faru, da kiran kamfani, da danna ɗaya. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

"Ke ɗiyag ga, ni za ki yi ma wayon boko? Waya na sa ma kanta waƙa? In mutum bai so ba, wa ka sa mai?"

Na ce, "Haka ne, Gwaggo. Ina wayarki?"

Ta nuna ta da haɓa, tana kan tabarma. Na danna lambarta a tawa, na miƙa mata na ce ta sa a kunne. Ta karɓa tana harara ta. Wayarta ta fara ƙara a kan tabarma, ita kuma ganga ta tashi a kunnenta, har ni ina jiyo maroƙin. Ta zabura ta janye wayar kamar ta taɓa garwashi.

"A'uzubillahi! Wane ɗan iska na wanga?"

"Lambarki ce, Gwaggo. Ga ta nan tana ƙara. Duk wanda ya kira ki, abin da yake ji ke nan."

Ta dubi tata, ta dubi tawa, ta sake kangawa a kunne don ta tabbatar. Farantin wake ya zame daga cinyarta. Sai da aka jima ta ce akwai wata mara kunya da ke damun ta da kira, ana yi mata magana ba ta saurare, ran nan haushi ya sa ta danne madannan duka da babban yatsa don ta yi shiru. Na so in yi dariya, na danne. Inna tausayi ya sa ta danna, Gwaggo faɗa, kuma rami guda suka faɗa.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Inna ta ce tun bara take ji."

"Uwarki ta ji?"

"Ta ji."

"Wa tah hwaɗa ma?"

"Ba kowa. Ko ni sai shekaranjiya, shi ma don na ji da kunnena ne. Ta ce ta ɗauka ra'ayinki ne, kuma ke yayar mijinta ce."

Gwaggo ta sunkuya tana tsince waken da ya zube ɗaya bayan ɗaya, ina ganin hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Na zo da maganganu cike da baki, masu zafi, na kwana ina wasa su. Guda kaɗai ta kuɓuce mini. Na ce, "Ni dai Gwaggo ban san kina son dambe haka ba." Ta ɗago ta ce, "Ubanki." Sai kuma ta tuna wane ne uban nawa, dariya da kuka suka haɗe mata, ni ma suka haɗe mini. Ta tura mini wayar ta ce in cire wannan masifa kafin in tashi. Na cire. Sannan ta ƙwala wa jikarta kira a kawo mini fura.

Ranar fitar takaba ta faɗo a kaka, an fara yankan dawa. Tun da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gidanmu cike da matan Karakkai, Gwaggo a gaba. Ta kawo sabuwar atamfa, da lalle, da turare, da kwalli. Ita ta zaunar da Inna bayan ta yi wanka, ita ta ɗaura mata ɗankwali. Da mata suka cika tsakar gida ana rabon waina da gumba na sadaka, sai ta buga hannu ta ce a saurara. Ban roƙe ta ba, Inna ma ba ta roƙe ta ba. Ta ce ta ɗauki alhakin matar ƙaninta, kuma a gaban mutane ta ɓata ta, don haka a gaban mutane za ta wanke ta. Ta ba da labarin duka, har da gangar dambenta, ta juya kan matan Karakkai ta ce, "Ku kuma munahukkai, shekara guda kuna jin ana zuga ni in hito hili, ba wadda tac ce mani uffan!" Tsakar gida ta kece da dariya. Nan da nan aka shiga kiran juna ana saurare, sai ga wata tsohuwa da waƙar soyayya, wata da wa'azin da ba ta san da shi ba. Ni na zama mai cirewa, wayoyi sun taru a cinyata kamar ƙwai. Na dubi Inna cikin sabon zane, kwalli ya dawo idonta, tana rufe baki da mayafi tana dariya. Daɗin da na ji ranar ban san da me zan auna shi ba.

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Na leƙa na ga gajeruwar lambar nan. Na miƙa hannu zan kashe, Inna ta ce, "Ba ni." Ta ce in buɗe yadda kowa zai ji. Mata suka yi tsit.

"Salamu alaikum," in ji Inna.

Muryar zuman ta ce barka da wannan lokaci, ta shiga tallar wata sabuwar garaɓasa.

"Salamu alaikum," Inna ta sake cewa, da ɗan ƙarfi.

Muryar ta wuce abinta. Inna ta gyara zama, ta riƙe wayar a gaban bakinta.

"Yarinya, saurara. Shekaru kina zuwa gidan ga, ban taɓa katse ki ba. Mai gidan ga har gaishe ki shikai. Ya rasu, kullum kina kira, ba ki taɓa ce mani ya haƙuri ba. To na sallame ki. Ki gaida wanda ya aiko ki."

Ta juya wayar tana neman wurin. Koren madannin ya goge sarai don yawan dannawa, ba a ma gane launinsa. Jan kuwa yana nan da fentinsa kamar yau aka sayo. Ta ɗora babban yatsa a kai, muryar na tsakiyar cewa a danna ɗaya, ta danna. Shiru. Wata daga cikin matan Karakkai ta saki guɗa, Gwaggo ta buɗe baki za ta hana, sai ta fasa.

Inna ta dubi yatsanta ta ce, "Ashe laushi gare shi." Ta miƙo mini wayar ta ce yanzu in tura saƙon nawa.

Da la'asar Yaya ya kira, wannan karon a wayarta, don ya ji da kunnensa cewa ba sauran kiɗa. Ta ce, "Kana lahiya? To madalla. Allah shi tsare." Ya yi ta magana tana gyaɗa kai, ya yi sallama ya kashe. Ta ci gaba da riƙe wayar a kunne. Alhaji ya daɗe da rasuwa, Baba ma ba ya nan, sai ni na matsa kusa na ce, "Inna, ai ya tafi."